Tsuntsun Kan Ganye

Rabin Malam yana ƙarƙashin gado, rabinsa yana waje, lokacin da matarsa ta shigo ta tarar da ƙafafu biyu da silifa ɗaya suna motsi a tsakar ɗaki.

"Malam, lafiya? Me ya faɗi?"

"Ba abin da ya faɗi, ajiya nake," in ji murya daga ciki. "Furen nan naki na tukunya zan kwantar a duhu."

"Ikon Allah! Me furen nawa ya yi maka?"

Ya fito da baya-baya, yanar gizo a gemu, ya yi mata bayani irin na aji. Ganye da hasken rana yake haɗa abincinsa, wato sitaci, ya adana. In ya kwana biyu a duhu sai ya cinye ajiyarsa tas. Sannan a fito da shi rana, a ga ko zai yi sabo.

"Wato yunwa za ka gana masa," ta ce. "To ai ka iya. Ga mu nan shaida."

Autarsu ce ta jawo wannan rarrafe. Jarrabawar gwajin kimiyya ta ƙarshen sakandare ta matso, kuma a ajin babanta take. Tun gashinsa yana baƙi yake koyar da ilimin tsirrai, har ɗalibai suka laƙaba masa Malam Shuɗi-baƙi, domin kowace shekara sai ya zana ganye a allo, ya zana ɗigon aidin, ruwan da ke nuna sitaci, yana saukowa, ya juyo da murmushin mai albishir ya ce, "Sai ya koma shuɗi-baƙi." Da farin alli yake zana duka. Ɗakin gwajin makarantar kuwa yana kulle, makullin yana aljihun Firinsifal, sai masu dubawa za su zo ake buɗewa a share. Malam yakan tsaya a tagar ɗakin da hantsi, yana kallon rana tana wasa a jikin kwalaben da babu kome a ciki, kamar wani gari na gilashi da mutanensa suka yi ƙaura. Shi ma a allo ya ga gwajin, a hannun wani malami da ya gan shi a wani allon. Gado ne mai tsabta, ba a taɓa jiƙa shi ba.

Sai rannan Auta ta ɗago daga littafi ta ce, "Baba, shuɗin ne ya fi yawa ko baƙin?"

"Ya danganta," ya ce, amsar da yake ajiyewa don ranar tsanani. Da safe ya biya kemis ya sayo 'yar kwalbar aidin ta wankin ciwo da sifirit.

* * *

Da furen ya fito daga duhu, Auta ta yanke siffar tsuntsu a tsakiyar baƙar takarda, suka lulluɓe ganye ɗaya da ita, ta yadda rana ba za ta taɓa shi ba sai ta wannan huji. Ta ɗauko tef ɗin ɗinkin mamanta ta auna tsawon ganyen. Ya ɗan gaza cikakkiyar lamba, sai ta cika masa a rubuce.

"A'a, Auta. Ba ki isa ki ƙara wa ganye tsawo ba. Abin da idonki ya gani shi za ki rubuta."

Wunin ranar ya zauna gadin tukunya, yana tunanin hasken da ya taso daga nesa mai nisa, ya ratsa sararin Allah duka, don kawai ya shiga ta hujin da 'yarsa ta yanka da almakashi.

Da la'asar suka tsinke ganyen, suka dafa shi a ƙaramar tukunyar Mama, tana tsaye tana lissafa masu abin da tukunyar ta dafa na mutunci kafin yau. Suka tsoma shi cikin sifirit a kofin gilashi, kofin cikin ruwan zafi. Koren ya riƙa fita a hankali yana tashi kamar hayaƙi a cikin ruwa, har ganyen ya koma fari fat. Suka ɗauraye shi suka shimfiɗa a faranti. Auta ta karɓi kwalbar aidin daga hannun Malam ta ɗiga.

Da fari ba kome. Can sai wani duhu ya fara tasowa daga cikin ganyen, irin na sama idan hadari ya haɗu bayan faɗuwar rana. Fiffike ya fito, sai kai, sai baki.

"Baba, tsuntsuna!"

"Shuɗin ya fi yawa," in ji Malam a hankali, kamar mai magana cikin barci.

"Kai da ka saba gani, ka saki baki haka, har da ƙwalla?" in ji Mama.

Ya ce sifirit ne ya shigar masa ido. Auta ta jingina farantin a taga.

* * *

Ana gobe jarrabawa aka buɗe ɗakin gwaji. Firinsifal ya miƙa wa Malam buta cike da shayi mai sanyi, ba madara, ya nuna masa jerin kwalabe da aka manna wa sunan aidin.

"Ranka ya daɗe, ina na gaskiyar?"

"An ce yana hanya. Tun ina mataimaki yake hanya. Cika su, Malam, kalar ɗaya ce. Mai dubawa kwalba yake kallo."

"Ina da ragowar 'yar kwalba a gida, ko benci ɗaya ne..."

"Benci ɗaya ya yi aiki, ya tona asirin sauran? Yaran nan sun san amsa. Wa ya koya masu in ba kai ba?"

Malam ya cika kwalaben. Bai zubar da ko ɗigo ba, domin mutum ne mai tsanaki a aikinsa.

* * *

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar rula a kan benci. Mai dubawa yana bakin ƙofa, an kawo masa kujera da lemo. Yara suka ɗiga shayi a kan dafaffen ganye, kafin ɗigon ya gama bazuwa alƙaluma sun yi gaba. Auta ce kaɗai ta sunkuya, haɓarta kusa da faranti, tana jira. Ta ƙara ɗigo. Ta jira. Sannan ta ɗaga hannu.

Malam ya tako, yana ji kamar cikin ruwa yake tafiya.

"Malam," ta ce, don haka take kiransa a makaranta, "nawa bai canja ba."

Ya dubi ganyen, yana kwance cikin shayi. Ya dubi ƙeyar Firinsifal, wanda ke tsaye wajen mai dubawa. Ya san abin da mai gyaran takarda zai nema, kalma ɗaya ce, kuma wannan jarrabawar ce ƙofar karatun da take mafarki. Ya sunkuyo kamar mai gyara mata kwalba.

"Rubuta shuɗi-baƙi."

"Baba..."

"Rubuta, Auta."

Ta kalle shi kallon da ta yi wa ganyen, na mai jira. Sannan ta ɗauki alƙalami.

* * *

Da yamma Mama ta tare su a ƙofa.

"Yaya, 'yar Baba? Ya canja?"

"Ya canja, Mama. Na kowa ya canja."

Ta wuce ciki ba ta dubi taga ba. Malam ya tsaya gaban farantin. Aidin ba ya zama, iska ke ɗauke shi kaɗan-kaɗan, wannan ma ya sha faɗa a aji. Ganyen ya bushe ya nannaɗe, kan tsuntsun ya ɓace, sai inuwar fiffike ɗaya. Ya karkata farantin wajen haske, ya sake karkatawa.

"Malam," in ji Mama daga kicin, "in ka gama da farantina, miƙo shi in wanke."