Guntun Sabulun Inna

"Ba zan sa masa ba, Inna."

Malama na zaune a bakin gado, jaririnta a cinya yana shan nono. Surukarta na tsaye a ƙofar ɗaki da guntun sabulu a hannu, wanda ta fiƙe da wuƙa har ya koma siriri kamar tsinken ashana. So take a jiƙa shi a tura wa yaron ta baya, don cikinsa ya saki.

"Me kika ce, Malama?"

"Na ce ba zan sa masa ba. Kuma ba wanda zai sa masa."

Da, in Inna ta kira ta Malama, tsokana ce mai daɗi, don tana koyar da lissafi a firamare. Yau kam sunan ya fito da kaifi.

Tun ranar haihuwa Inna ta rufe gidanta ta dawo wurinsu. Ita ke girki, ita ke wanke nafkin, ita ke goya yaron don uwarsa ta runtsa. Ta kuma yi alkawarin riƙe shi in hutun haihuwa ya ƙare. A makonnin farko kusan duk shan nono sai ya yi kashi, ruwan ɗorawa mai laushi, Inna na canza masa tana mita: "Kai maigidana, ba ka kawo cefane ba sai aikin wanki." Da ya haura wata guda da rabi, sai abin ya ɗauke cak. Fitsari na zuwa, kashi babu.

Malama ba ta zauna ba, ta kai shi asibiti. Nas ta ɗora shi a sikeli, ta danna cikinsa, ta tambayi yawan fitsari. Ta ce nono ba ya barin dusa da yawa, kuma a irin waɗannan makonnin wani jaririn kan yi mako bai yi ba, lafiyarsa lau. In ya fara amai, ko cikin ya kumbura ya yi tauri, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, a dawo da shi nan take. Ban da ruwa, ban da tura masa komai.

"Wace nas?" in ji Inna. "Wannan da ko zanin goyo ba ta taɓa ɗaurawa ba? Mijin naki da kike gani da gemu, da sabulun nan na raine shi."

"Fatar wurin ba ta da ƙwari, Inna. Sabulu ƙona shi zai yi."

"To. Mu da muka haifa ba mu sani ba, sai ku da kuka karanta."

Da yamma maigidan ya dawo daga gareji, hannuwansa baƙi ƙirin da mai. Ya saurari uwarsa a tsakar gida, sannan ya shigo ɗaki yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ki bari ta sa masa sau ɗaya mana, a zauna lafiya. Ni ga ni, me ya same ni?"

"Ka tuna yadda ka ji ne?"

Dariya ta kusa kufce masa, ya danne. "Uwata ce fa."

"Shi kuma ni ce uwarsa."

Bakinta ne kawai ke da ƙarfi. Duk lokacin da ta kwance nafkin sai ta leƙa, ta ga jiƙa kawai. Takan shafa masa ciki, ta naɗe ƙafafunsa ta miƙe kamar mai tuƙa keke. Ya yi nishi, fuskarsa ta yi ja, ya saki tusa, sannan ya yi mata murmushi. Ba abin da za ta iya nuna wa kowa. A aji in yaro ya musa, alli take ɗauka ta warware masa a allo. A nan kuwa hujjarta na cikin cikin jariri, ta ƙi fitowa. In nas ɗin ce ta yi kuskure fa? Ba ta da wanda za ta yi wa wannan tambayar, don duk wanda ta tambaya a gidan, sabulu zai miƙo mata.

Inna ba ta jefar da guntun ba. Ta ajiye shi a murfin kwalba a kan taga, inda Malama za ta gan shi in ta shiga, ta gan shi in ta fito.

Daga nan Malama ta daina barin yaron. In za ta shanya kaya, yana bayanta. In za ta ci abinci, yana cinyarta. Ranar da wanka ya zame mata dole, sai ta shimfiɗa tawul a cikin babban baho, ta kwantar da shi a bakin banɗaki, ta bar ƙofar a buɗe kaɗan tana kallonsa. Tana cikin zuba ruwa ta ga ƙafafun Inna sun tsaya kusa da bahon.

Inna ba ta taɓa shi ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ni kike ɓoye wa shi?" ta ce, a hankali. "Kin ɗauka zan saci jiki in yi?"

Malama na tsaye da kumfa a wuya. Abin da ta ɗauka ke nan, kuma ba ta iya ƙarya ba.

Da safe Inna ta ɗaure kayanta. Ɗanta ya roƙa, ta ce gidanta ya yi ƙura. Ta sunkuya kan jaririn ta ce, "Maigidana, na sake ka ga Malama," ta fita.

Washegari da hantsi, yaron na cikin shan nono, sai cikinsa ya yi ƙugi. Kashin ya zo gaba ɗaya, mai laushi, ruwan ɗorawa, ya cika nafkin ya haura bayansa har ƙeya, ya ɓata mata zani. Ta miƙe da shi a hannu ta nufi ƙaramin ɗakin da surukarta ta saba kwana, bakinta har ya buɗe zai kira Inna. Katifa ce kawai a jingine da bango.

Maigidan ya buga wa uwarsa waya ya gaya mata. Ta ce madalla, ashe Malama ta san aikinta, ba ta bukatar tsohuwa. Da Malama ta karɓi wayar ta gaishe ta, ta amsa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

Hutun ya ƙare babu mai riƙe yaron. Ta je wurin hedimasta da goyo ta nemi ƙari, ya ce aji ba ya jira, aka ba wa wata. Yaron na nan da kumatunsa, ba a tura masa komai ba, kuma ko yau aka sake miƙo sabulun, amsarta ba za ta canza ba. Amma ta rasa ajinta, ta kuma rasa matar da ke goya mata ɗa don ta yi barci.