Littafin Michiyo na Sha Biyar

"Goge wannan," in ji Michiyo daga kan shimfiɗarta. "Ba haka mace ke magana ba in ranta ya ɓaci."

Terumi ta ɗago kai daga takardar. "Ke fa kika faɗa."

"Na faɗa, ke kuma kika rubuta kamar mai auna waken suya."

Shekara talatin da ɗaya suna maƙwabtaka a wani lungu mai hawa a garin Onomichi. Terumi na sayar da awara, Michiyo Shirasu na rubuta littattafai. Goma sha huɗu ta wallafa, tana tsakiyar na sha biyar cuta ta kama ta, hannunta ya daina riƙe alƙalami. Likita ya ce ba za ta kai bazara ba. Ta ƙi asibiti, ta ƙi na'urar ɗaukar murya. Terumi take so ta riƙa rubuta mata, don ita kaɗai ke iya gaya mata gaskiya ido da ido.

Kullum da hantsi Terumi za ta rufe shago, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa kan tabarma.

Ranar Talata Michiyo ta ce, "Rubuta, matar nan ta koma gidan mijinta."

"Ba za ta koma ba."

"Littafin wa ye?"

"Naki ne, Michiyo. Amma matar nan ni ce, tun shafi na uku na gane kaina. Kuma ni ban koma ba."

Michiyo ta tuntsire da dariya har tari ya sarƙe ta. Da ta samu numfashi ta ce, "Ashe kina karantawa, 'yar rainin hankali! To, sa ta a jirgin ruwa."

Kwana huɗu suka yi suna gardama kan kowace jimla. Ranar Asabar Michiyo ta faɗi ta ƙarshe, ta sa aka maimaita mata sau biyu, ta ce, "Ya yi." Ta nemi shayi. Kafin Terumi ta dawo da buta, rai ya yi halinsa.

Bayan jana'iza editanta ya zo daga Tokyo, yana ta sunkuye-sunkuye, ya tambaya a hankali ko da sauran abin gyara.

Terumi ta miƙa masa takardun da hannu biyu. "An gama. Kada ku taɓa ko waƙafi."

Da ya tafi, ta leƙa wurin shanya a gidan marigayiyar. Safar Michiyo na nan a kan igiya, ta bushe tun tuni. Ta sauke ta, ta ninke.