Bokiti Mai Lamba Bakwai

Auta ta shiga jami'a da suna ɗaya, kafin shekara ta zagayo ta samu na biyu. A gida Auta ce, mai tura kwanon da ta ci abinci ƙarƙashin gado har ya fito da gemu. A makaranta kuwa Kwamared ce, ko sannu ka ce mata sai ta ɗaga dunƙulallen hannu sama kamar mai shirin naushin iska.

Abin da 'yan ƙungiyarsu ta ɗalibai masu gwagwarmaya ba su sani ba shi ne, uwar Kwamared a makarantar take aiki. Shara take yi da goge-goge, shekara goma sha ɗaya ke nan. Da safe tare suke fitowa, mota ɗaya suke shiga, amma in an zo kwanar makaranta sai Inna ta sauka ta bi ƙaramar ƙofa, Auta ta zarce babba. In suka haɗu a baranda, Auta kan ce, "Sannu, Mama," irin yadda kowane ɗalibi yake ce wa kowace tsohuwa mai tsintsiya. Inna ta ce, "Yawwa 'yan boko," ta janye bokitinta a wuce. Wanda ya tambayi Auta aikin mahaifiyarta, sai ta ce, "Tana ofishin gudanarwa." Ba ta yi ƙarya ba kuwa, kowace Talata Inna ce ke goge matakalar wurin.

Auta ba muguwa ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Abin yana cin ta. In ta ga masu shara sun raɓe ƙarƙashin bene suna cin abinci a tsaye, don an hana su zama a kujerun ɗalibai, sai ranta ya ɓaci. Sai dai ta fi son talaka a jimla, irin wanda ake rubutawa a kwali. Talaka guda ɗaya mai kama da ita a hanci da goshi, shi ne ya yi mata nauyi.

Shugaban ƙungiyar, wanda suke kira Ciyaman, dogo ne mai tabarau, idonsa garau, don kwarjini yake sawa. Tun da aka haife shi bai taɓa wanke safarsa ba. Shi ya kawo shawarar a yi wa masu shara zanga-zanga.

"Amma kwali kaɗai ba ya hoto," in ji shi. "Kayan aikinsu za mu ɗaga. Tsintsiya, bokiti, sandar goge-goge. Duniya ta ga guminsu!"

"Wa zai taɓa abin da aka wanke masai da shi?" in ji wata da ake kira 'Yar Gayu, tana duban farcenta.

"A sa safar hannu mana. Matsalar ita ce ɗakin kayan a kulle yake."

Cikin mutum talatin da ke zaune, babu wanda ya ce a je a tambayi masu sharar. To, a tambaye su me? Ai an riga an san abin da ke damunsu, an karanta a littafi.

Nan Auta ta yi gyaran murya. "Ku bar min maganar mabuɗi. Ina da hanya."

Aka yi mata tafi. 'Yar Gayu ta ce, "Ɗiyar manya ke nan! Uwa a ofishin gudanarwa ai ba wasa ba."

Hanyar kuwa ba wata ba ce, jakar Inna ce. Masu shara goma sha biyu ne, mabuɗin ɗakin kaya zagayawa yake yi mako-mako, wannan makon a hannun Inna yake. Kowane bokiti da kowace tsintsiya da lambar mai ita a jiki, da jan fenti. Ƙarfe bakwai kowa zai tsaya a layi da kayansa, mai duba aiki ya bi yana kallo. Shi wannan ba ya magana sai ya fara busa usur, shi ya sa suke ce masa Mai Usur. Dokarsa ɗaya ce: wanda aka damƙa wa mabuɗi ya salwanta, ya ajiye rigar aiki ya kama gabansa, akwai mata ashirin a bakin ƙofa suna jira. Auta ta sha jin wannan doka a bakin Inna, amma ta kunnen da take jin "tashi ki wanke kwano" ta ji ta.

Da Inna ta shiga wanka, Auta ta zare mabuɗin. Aro ne, in ji ta a ranta, awa biyu kacal. Kuma ai don su ake yi. Washegari ta riga Inna fita, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye ta.

Ƙarfe takwas tafiya ta yi tafiya. Samari sun kife bokitai suna kiɗa, 'yan mata sun saɓa tsintsiya kamar sojoji. Ana shan ruwan leda ana yarwa, ana cin biskit ana yarwa, takardun da aka buga na "A Mutunta Mai Shara" iska ta watsa su har cikin kwata. Auta tana gaba, ta ɗaga wani shuɗin bokiti sama, muryarta har ta dishe. Daɗi take ji, irin daɗin wanda yake biyan wani abu da ya daɗe a wuyansa ba tare da kowa ya san nasa ba ne.

A gaban ofishin gudanarwa Ciyaman ya hau wani bokiti don a gan shi. Yana cewa, "Iyayenmu mata da ake takawa," bokitin ya ce ɓaras, ƙafarsa ta shige ciki har ƙauri. Bai fasa jawabi ba, gwarzon.

Sai ga ƙarar usur.

Mai Usur ne, ya taso mata goma sha biyu a gaba, hannuwansu wayam. Inna tana tsakiya, ɗankwalinta ya karkace, da gani ta zazzage jakarta ta fi sau goma. 'Yan zanga-zanga suka ɓarke da shewa, wai ga waɗanda ake zalunta sun zo da kansu. Wata doguwa cikin matan, wadda suke kira Yaya Babba, ta ce, "Kai, ɗan nan mai gilashi, fito da ƙafarka daga bokitina, uwarka ce ta saya min?"

Mai Usur ya busa ya ce, "Ba fasa ƙofar aka yi ba, buɗewa aka yi. Lamba Bakwai, ke ce da mabuɗi. Ko dai ke kika ba su, ko kin yar sun tsinta. Kowanne ne, cire rigar."

Inna ta juyo. Idonta yana kan bokitin da ke hannun Auta. Auta ta juyo shi, ga bakwai nan ɓaro-ɓaro da jan fenti, ga igiyar da Inna ta ɗaure mariƙin da ita, ragowar igiyar shanyarsu ta gida. Cikin bokiti goma sha biyu, hannunta bai ɗauko na kowa ba sai shi.

"Na yar ne," in ji Inna. "Tsufa." Ta kai hannu ga maɓallin rigar.

Ciyaman ya raɗa wa Auta, "Madalla! Bari su kore ta a gaban waya. Yau za mu girgiza makarantar nan."

Auta ta dubi 'Yar Gayu, ta dubi wayoyin da aka ɗaga. In ta yi shiru, gobe ma Kwamared ce ɗiyar manya. Inna kuwa ta ɓalle maɓalli na farko, ta ɓalle na biyu, a natse, kamar mai shirin alwala.

"Inna, bari," in ji Auta.

Muryar ta dishe, ba a ji ba. Ta sake faɗa da ƙarfi. "Inna, ki bari! Malam, ba ta yar ba. Ni na sace a jakarta jiya tana wanka. Ga shi." Ta zaro mabuɗin ta miƙa. "Mahaifiyata ce."

'Yar Gayu ta ce, "Wannan ce ofishin gudanarwar?"

Ciyaman kuwa sai fuskarsa ta washe. "Kwamared! Kina da uwa mai shara kika ɓoye mana? Ai ke ce tutarmu! Mama, matso nan, riƙe wannan kwalin. Ki ɗan yi fuskar tausayi."

"Ka ɗan yi fuskar mai hankali tukuna," in ji Inna.

Mai Usur ya juya mabuɗin a hannu. Shi ma ya ga wayoyin, kuma ba ya son ya wayi gari a cikinsu yana korar tsohuwa. Ya ce, "Ni ba ruwana da wa ya haifi wa. Ƙarfe goma sha biyu manya za su wuce ta nan. In na ga ko bawon biskit a ƙasa, Lamba Bakwai ta tafi. Sauran ku koma wuraren aikinku. Waɗanda suka ɓata su taya ta, tun da masoyanta ne." Ya busa usur ya wuce.

Abinka da 'yan gwagwarmaya. Wannan ya tuna yana da lacca, wancan jarrabawa, 'Yar Gayu ƙura tana tayar mata da mura. Ciyaman ya ce zai je ya rubuta takardar Allah wadai da kakkausar murya. Kafin ka ce kwabo fili ya zama daga leda sai kwalaye sai uwa da 'yarta. Yaya Babba ta tafi da fasasshen bokitinta tana tsine-tsine har ta sha kwana.

Auta ta ɗauki tsintsiya. Ta fara daga tsakiyar fili, tana kora shara gaba iska tana dawo mata da ita ƙafa.

"Ke da Allah, wa ya ce miki ana shara ana fuskantar iska?" in ji Inna. "Ba ta baya. Fara daga lungu. Sunkuya mana, ba jawabi kike yi ba."

Auta ta sunkuya. Hawaye da majina suka haɗu. "Inna, wallahi don ku na yi. Ana cutarku."

"Ana cutarmu, ban ce ba a yi ba. Benci muke so a ƙarƙashin benen nan, da safar hannu ta wankin masai. Da kin tambaye ni a mota da na faɗa miki, ba sai kin shiga jakata ba."

Wasu ɗalibai suka zo wucewa, ɗaya ya ce, "Sannunku, Mama." Auta ta ɗago ta ga da ita ma ake. Ta buɗe baki za ta yi masa bayani, sai ta rufe, ta ci gaba da shara.

Sha biyu saura kwata Mai Usur ya dawo. Ya zagaya, ya leƙa kwata, ya ɗaga wani dutse ma don neman magana. Bai samu komai ba. Ya jefa wa Inna mabuɗin, ya tafi ko usur bai busa ba.

Inna ta ɗaure mabuɗin a bakin zaninta, ƙulli uku, tana kallon Auta ido cikin ido. Sannan ta miƙa mata bokitin.

"Riƙe, kai min ɗakin kaya. Ta gaban ajinku za mu bi, ta nan ya fi kusa."