Man Kanumfari a Kwamin Jika

Jika ya juye kwalbar man kanumfari kaf cikin kwamin kifinsa, har da bubbuga gindinta.

Gayus, ma'aikacin furoje, wato shirin tallafa wa masu kiwon kifi, wanda ya kawo maganin daga Damagaram, cewa ya yi a riƙa ɗiga kaɗan a abincin tarwaɗar, zai kashe ƙwayoyin cutar da ke cin fatarsu. Amma Jika makiyayi ne gaba da baya. Raƙumarsa ya sayar ya gina kwamin siminti a Tanut, garin da ruwan sha ma sai an bi layi. A iliminsa, dabbar da ta kwanta ɗura ake yi mata, ba ɗigo ba.

Kafin shayinsa ya tafasa, kifayen duk sun juyo ciki sama.

"Sannu likita," in ji matarsa Ramla. "Ga raƙumarmu nan tana iyo da baya."

Jika ya ji kamar ya fashe da kuka. Sai ya yi abin da ubansa kan yi in tunkiya ta faɗi: a raba nama kafin ya lalace. Ya cika bokiti, ya bi gida-gida yana cewa sadaka ce, a sa shi a addu'a. Maƙwabtan da suka shekara suna yi masa dariya suka karɓa da hannu biyu-biyu.

Da kwamin ya zama wayam, sannan ya tuna da waya, ya kira Gayus.

"Barci suke, baba!" in ji Gayus. "Kanumfari in ya yi yawa barci yake sa su. Maza ka sa su a sabon ruwa, za su farka."

Jika ya fita ba takalmi. A gidan maƙwabciyarsa Yagana ya tarar da mata sun kewaye robar wanke-wanke. Ta zuba nata kason ne za ta wanke, ga kifayen nan suna kaɗa gashin baki, lafiya lau.

Karɓar kifinsa ce ta kawo shi, amma ina! Wane mai mutunci ne zai ce a maido masa sadaka, a gaban mata?

"Allah ya saka da alheri, Jika," in ji Yagana. "Na fasa soyawa. Tunda ka zo, me ake ba su su ci?"

Ya gyara tsayuwa, ya fara yi mata bayani.