Ƙullin da Ba Nawa Ba

…ga shi ya sake danna hon. Na ji, Yaya Godspower, na ji! Ni ba kurma ba ce. Wan mijina ne, tun daga Kafanchan ya taso da mota fijo ta aro, ya sha layin mai a Kano har ransa ya ɓaci, shi ya sa yake ta danna abin nan kamar mai kiran fasinja a tasha. Ya ce, "Jane, shiga ki kwance shi ki fito mini da shi, hanya da nisa." In kwance. A baki abin ba wuya.

To ga ni na durƙusa, Jonathan. Ga ƙafarka, ga igiya, ga ƙafar gado. Kai kuwa ka zuba wa bango ido, leɓɓanka na ta motsi… luo, lueis, luei… luomen… Haba, Baban Purity! Yau ma? Yau da za a tafi da kai ma ba za ka huta ba?

Ina kwancewa, kana kwancewa, yana kwancewa. Na sani. Kai ka koya mini, a wannan ɗakin, hutunka na farko daga makarantar fastoci, lokacin da hankalinka yake daram, kana cin tuwo da hannu ɗaya kana riƙe da littafin Girkanci da ɗayan. Ka ce duk wanda zai koyi Girkancin Littafi Mai Tsarki da wannan kalma ake fara masa, da ita ake gwada masa yadda sauran suke juyawa. Na ce to me ya sa ba a fara da "ƙauna" ba? Ka yi dariya har ka ƙware — ka ce wannan ce mai sauƙin hali, ba ta gardama, duk inda aka juya ta sai ta juyu. Na ce ashe ba irina ba ce.

Zufa ke shiga mini ido. Kwanon rufin nan kamar tanda. Ina bakin igiyar? Ina na cusa shi da safe?

Da ita aka kwance ɗan jakin nan da Ubangiji ya hau, ka ce. Da ita ake kwance maɗaurin takalmi. Da ita aka kwance likkafanin mutumin da ya fito daga kabari, aka bar shi ya tafi gida da ƙafarsa — nan kam ka tashi tsaye, kana yi mini wa'azi ni kaɗai, ni da tukunyar miya. Sai kuma ka sauke murya ka ce amma fa ki lura, Jane, ita ce kuma ake rushe gini da ita. Ita ce ake karya doka da ita. Jirgin ruwa ya farfashe a teku, ita. Taro ya watse kowa ya kama gabansa, ita. Na ce wace irin kalma ce wannan, ta ceci mutum kuma ta rushe gida? Ka ce duk abin da yake a haɗe, in aka raba shi, shi ke nan. Sauran ya danganta da abin da aka raba.

Ban damu ba a lokacin. Miyata ce ke ƙonewa.

Sai barci ya ƙaurace maka. Sai magana ba tsayawa. Sai makaranta suka sa wani ya rako ka har Maigatari, da akwatinka, da littattafanka a buhu, wai ka huta tukuna. Asibitin Gumel suka ba da ƙwayoyi masu sa yawu ya yi ta zuba, wuyanka ya sandare, ka ce gara mutuwa. Na yi ta haƙuri. Wallahi na yi — ka ji ni da wallahi, zama da mutanen nan ya sa bakina ya koma nasu — na yi haƙuri har ranar Alhamis ɗin nan.

A'a. Ba na son ranar.

…na dawo daga aji, alli a hannuna, ƙofa a buɗe. Babu kai, babu Purity. Yarinyar da ko tafiya ba ta fara ba! Ranar kasuwa, gari ya cika da shanu da raƙuma da manyan motoci, ina gudu ba takalmi, ina tambayar mutanen da ba su san ni ba, kun ga wani dogo da jaririya? Kun ga…? Sai da la'asar jandarmomi suka tare ka a tsallaken iyaka, ka miƙe hanyar Damagaram a cikin ranar nan, ka saɓa ta a kafaɗa ba ko hula. Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ko kuka ta daina. Kai kuwa kana murmushi, wai za ka nuna mata inda ƙasa ta ƙare.

Na tsane ka a ranar. Na faɗa, ai ba mai jina. Na tsane ka, na so in fasa maka kai da taɓarya.

Washegari Bappa, maƙwabcinmu mai kiwo, ya shigo da igiyar rama, yana ta sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne." Ya nuna mini ƙullin da suke yi wa maruƙa, wanda ba ya shaƙewa komai ja, ya ce in naɗa tsumma tukuna kada ta ci fata. Tun daga nan kullum safiya — in kai Purity wurin Larai matarsa, in dawo in ɗaure mijina a ƙafar gado, in ajiye masa ruwa da fo, in tafi in koya wa 'ya'yan mutane ƙidaya. Malama Jane! Sannu da zuwa, Malama! Ina gajiya? Ba gajiya.

Ƙarya ne, akwai gajiya. Ni na aika wa Godspower. Ni na tare direban da ke zuwa kudu na ce ya gaya masa na kasa, su zo su ɗauki ɗan'uwansu. Ba wanda ya tilasta mini. Na kuma san inda zai kai ka, ai bai ɓoye ba: gidan addu'ar nan na kan dutse. Na taɓa zuwa, na ga yadda ake yi. Maza a jere a gindin itatuwa, sarƙa da kwaɗo a ƙafa, azumin dole, bulala in an ce aljanin ya yi taurin kai. Ɗan ƙanwar babata ya shiga da ƙafa biyu, ya fito yana jan ɗaya. Na sani sarai, na kuma aika.

Sarƙar ma na gan ta. Tana cikin but ɗin motar, ya naɗe ta a tsohon buhun siminti, wai saboda hanya.

To kwance mana, Jane. Me kike jira? Ga bakin igiyar nan —

Tsaya.

Ba nan nake cusa shi ba.

Ni ta ƙasa nake bi da shi, in zagayo, in cusa ta dama, in bar ɗan guntu kamar yatsa. Hannuna ya saba, ko ido a rufe. Wannan ta sama aka bi. An zagaya sau biyu, an ninke bakin an soke shi tsaf… wannan ba ƙullin maraƙi ba ne. Ƙullin buhun masara ne. Irin na gidanku. Irin wanda ka yi wa kayana ranar da aka turo ni Jigawa, kana cewa ko motar ta kife ba zai buɗe ba.

Jonathan?

A'a, na ruɗe ne. Rana ce. Da safe ina sauri, wataƙila na… Amma ni ban iya wannan ba! Sau nawa ka nuna mini na kasa, kana ce mini hannun alli?

Mene ne wannan a bakin wandonka? Ƙarangiya. Yesu na! Ƙarangiya, ga ta nan birjik, har ta soke ni. Ina ƙarangiya a ɗakin da nake sharewa safe da yamma? Sai bayan gida, hanyar rijiya. Ga tafin ƙafarka, yashi a tsakanin yatsu…

Randa. Randar da nake dawowa in tarar a cike. Itacen da nake samu a faskare a bayan madafa. Na je har gida na yi wa Larai godiya, na ce Allah ya saka, kin ɗauke mini aiki. Ta kau da kai ta ce, "Ba komai, Maman Purity," ta shiga gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Ashe! Ashe Larai… ashe duk unguwa sun sani, ni kaɗai ce sakarya mai ɗaure iska da igiya?

Tun yaushe? Kai, dube ni! Tun yaushe kake kwancewa?

Kuma ina kake zuwa in ka gama da rijiya? Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Bappa. Katanga ɗaya, ko kafaɗarka ba ta kai ba. Purity na can tana wasa a tsakar gida, ni ina aji ina rera biyu sau biyu — ka leƙa? Ka shiga? Ka ɗauke ta? Ka ɗauke ta, na sani, ba za ka iya ganinta ka ƙyale ba. Shi ya sa take miƙo maka hannu da yamma, tana "Baba, Baba," ni kuwa ina cewa jini ne kawai. Iyaka na nan inda take, ba ta matsa ba. Kowace Alhamis ƙofa a buɗe, hanya a buɗe, ƙafarka a sake…

Ba ka tafi ba.

Ka dawo. Ka zauna a nan, a wannan tabarmar, ka naɗa tsumman da kanka, ka ɗaure ƙafarka da kanka kafin a kaɗa ƙararrawar tashi. Kullum. Ka kwaikwayi ƙullina har ban taɓa ganewa ba, ni mai duba shi kowace rana kamar mai duba jarrabawa. To yau me ya faru? Hon ɗin ne ya firgita ka, ka yi sauri hannunka ya koma na gida? Ko kuwa da gangan ka yi, don in gani?

Yi magana mana! Luousin, luousin — suna kwancewa, na ji, su wa? Bar Girkancin nan ka yi mini Hausa, ka yi mini yarenmu, ko zagi ne! Mai hankali ne ya yi wannan ƙullin ko mahaukaci? Mahaukaci yana sanin lokacin tashin makaranta? To mai hankali yana saɓa jaririya ya nufi Damagaram da tsakar rana? Wanne ne kai? Wanne zan gaya wa wanka?

In na fita na ce, Yaya, ka ga, yana kwance kansa — shi ke nan, na ba shi hujja. Zai ce kin gani? Igiya ba ta riƙe shi, sai ƙarfe. Zai ce da 'yarki kike wasa. Kuma wa zai ce ya yi ƙarya? In na yi shiru na miƙa ka, kwaɗo ne. Kwaɗo ba ya jin dabarar yatsa, Jonathan. Can ba rijiya, ba katangar leƙe. Can in an ɗaure an ɗaure.

In kuma na ce ya koma, na fasa? Mutum ya taso tun daga Kafanchan saboda ni na yi kuka. Ya koma ya gaya wa dangi matar nan ba ta san abin da take so ba, kada wanda ya sake taka ƙafa. Sai ni da kai da igiyar da ba ta ɗaure komai. Gobe in tafi aji da wace zuciya? Da, ina tafiya ne don na yarda da ƙulli. Yanzu da me zan yarda — da kai? Da kai ɗin da ban san wanda zai farka a jikinka gobe ba? Rana ɗaya ta isa. Rana ɗaya tak, ka tashi da murmushin nan, in dawo in tarar da Larai tana ihu a ƙofa…

Ina ƙaunarka, ka ji. Abin haushin ke nan. Ina ƙaunarka, ina kuma tsoronka, kuma na gaji har cikin ƙashina.

Hon ya tsaya.

An buɗe but. Na ji ƙarar — ƙarfe a kan ƙarfe, yana zazzage buhun. Takunsa a tsakar gida. Ya tsaya yana gaisa da Bappa ta kan katanga, lafiya lau, lafiya lau, ya hanya… Bappa, kai ma ka sani, ko? Faɗa masa mana! A'a, kada ka faɗa. Kada ka…

Ka daina karatun. Yaushe ka daina? Kana kallona. Rabon da ka dube ni ido cikin ido har na manta. Me kake yi — bari, bari hannunka — yatsa ɗaya. Yatsa ɗaya ka sa ka ja, ta zube a tabarma kamar ba a taɓa ƙulla ta ba. Ka ɗauki bakin igiyar ka sa mini a tafin hannu, ka rufe yatsuna a kai da naka. Hannunka da ɗumi.

Me kake nufi? In riƙe ka? In miƙa ka? Ka bar mini ne, kamar yadda kowa ke bar mini?

"Jane! Kin kwance shi?"

Inuwarsa ta rufe ƙofa. Sarƙar na lilo a hannunsa, tana taɓa dokin ƙofa. Ƙafarka a miƙe tsakanina da shi, ba komai a jikinta sai tsumma, kai kuma ba ka motsa ba, kana jira.

Ba ni na kwance ba, Yaya… ban ma taɓa ɗaure shi ba…

A zuci na faɗa.