Naman da Likita Ya Hana

Man shanu ya fara kumfa a kasko lokacin da Oumaima ta saka yankan naman alade guda biyu, ta ja da baya tana kau da fuska. Ba ta taɓa dafa shi ba a rayuwarta.

"Ki bar shi ya yi ja, kada ki motsa shi," in ji Mista Fredrick daga keken guragunsa. "Minti huɗu. Haka matata take yi."

Wata takwas ke nan tana aikin kula da tsohon a gidansa da ke garin McLeansville. Shanyewar ɓarin jiki ta raunana masa maƙogwaro, har ɗansa Seth ya manna takardar likita a jikin firji: abinci mai laushi kawai. Amma yau matarsa ta cika shekara da rasuwa. Shi ne ya aiki maƙwabci ya sayo naman, kuma tun safe yake roƙonta, sai da ta ga hawayensa ta amince.

Ta juya naman, ta kwashe. Ta watsa tafarnuwa da ganyen rosmari da tayim da ya sa ta tsinko a bayan gida, ta zuba romo, tana kankare gindin kaskon da cokalin katako har ya yi kauri. Duk sanda mota ta wuce a titi sai gabanta ya faɗi, tana zaton Seth ne.

Ta yayyanka masa guda ɗaya ƙanana ƙanana, ta zuba romon a kai. Ɗayan ta bari a faranti, ta koma wanke kasko.

Shirun ne ya sa ta waiwaya. Ya jawo wancan farantin, ya gatsi babban yanki. Bakinsa a buɗe yake, ba tari, ba sauti, hannunsa mai lafiya yana yaƙushin wuyansa.

"Mista Fredrick, yi tari. Yi tari."

Leɓensa ya fara duhu. Wayarta tana falo, gidan maƙwabci kuwa sai an tsallake gona. Ta zagaya bayan keken, ta rungumo shi, ta dunƙule hannu a saman cibiyarsa kamar yadda aka koya musu a jikin mutum-mutumin roba lokacin horon aiki. Ta danna. Ba komai. Ta sake, tana kiran sunan Allah. Kansa ya langaɓe. Ta hango 'yan sanda a wannan kicin ɗin, ta hango 'ya'yanta biyu suna jiranta a tashar bas ta makaranta. A karo na biyar ta danna da duk ƙarfinta, ta ji wani abu ya yi ƙas a ƙirjinsa, naman ya faɗo kan tebur.

Ya ja numfashi mai ƙara, ya shiga tari. Ita kuwa ta zame ta zauna a ƙasa.

Can waya ta fara ringi a falo. Ƙarfe ɗaya ta yi, lokacin da Seth ke kira kullum. Ta dafa bango ta je ta ɗauko.

"Ki ce dankali muka ci," in ji tsohon, muryarsa a dishe. "Idan ya ji, zai sa a kore ki. Ni kuma gidan tsofaffi zai kai ni."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta dube shi. Ya dafe haƙarƙarinsa na hagu, duk numfashin da ya ja sai ya runtse ido.

"Don Allah, Oumaima."

Ta goge hannunta a jikin riga, ta danna wayar.

"Seth, ka saurare ni. Babanka yana numfashi, amma yanzu zan kira motar asibiti. Na dafa masa naman da likita ya hana."