Akushin da Ba Ya Fashi

Ledar na faɗuwa kusa da tayar babur, Saude ta kai hannu ta wawure ta, tun kafin iska ta ja ta cikin kwata. Ɗan kabu-kabun da ya yar da ita ya tsaya da lasar yatsa, ya dube ta sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, babu komi ciki fa. Na tsotse ta tas."

"Na sani," in ji ta. "Fankon nika so."

Ya yi dariya, ya buga babur ya wuce. Saude ta goge ledar da bakin zane, ta cusa ta cikin 'yan'uwanta a ƙullin gyale. Ranar kasuwar Bafarawa ce, an kwana ana ruwa, bayan tasha ya zama taɓo da kashin awaki. Tun hantsi take sunkuye a wurin tana tonon shara kamar kaza. A bayanta Ikilima ce, autarta, wadda ba ta cika shekara biyu ba. Goyon ba shi da nauyi ko kaɗan, har takan kai hannu baya ta taɓa don ta tabbata yarinyar tana nan.

Abin da ke cikin ledojin nan na Ikilima ne. Gyaɗar tamowa ce, wadda ake ba yaran da yunwa ta kama a ɗan asibitin garin, kyauta, duk mako. Sai dai akwai sharaɗi: uwa ba ta karɓar sabuwa sai ta dawo da fankon tsohuwa, shaidar cewa cikin yaron ta shiga. To, ta Ikilima cikin 'yan kabu-kabu da masu dako ta shiga, ga shi kuma gobe ne ranar awon yara.

* * *

A Tungar Malle, ƙauyen su Saude, maza ba sa cin tuwon dare a ɗaki. Da an sallame magariba kowane magidanci zai fito da akushinsa zuwa ƙofar gidan Alhaji Ɗanmusa, a baza tabarmi, a jera akusa, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Ciyayya ke nan, haka suka taras iyayensu na yi. A zamanin da rumbuna ke cike abin rahama ne, baƙo ya ci, gwauro ya ci, wanda matarsa ta yi yaji ma ya ci. Yanzu kuwa, wayyo, tabarmar nan ta zama wurin duba asirin gidaje. Ba wanda ke cewa uffan, amma kowa yana ganin tudun tuwon kowa.

Kuma a kan tabarmar ne Alhaji, mai fataucin hatsi tsakanin kasuwannin nan da Nijar, yake zaɓen waɗanda za su yi masa lodi kashegari. Illo, maƙwabcin su Saude, akushinsa ya daina fita tun farkon damina. Kunya ta hana shi zama hannu rabbana, ya daina fitowa, aka kuwa daina kiransa aiki. Da wani ya tuna da shi, cewa aka yi mutumin da bai ci ba ina zai iya da buhu.

Kalilu mijin Saude manomi ne, ɗan manomi. Babbar gonarsa tana can cikin daji inda 'yan bindiga suka kafa zama, damina biyu ke nan bai taka ta ba. 'Yar gayaunar bayan gida ba ta kai su ko bazara ba. Suka koma awo a kasuwa, su da a da suke ba wasu. Gero kuwa kamar ana kora shi da bulala: kuɗin da bara ke kawo tiya uku, bana da ƙyar yake kawo ɗaya, in ka tsaya ciniki kuma mai awo ya ce ka dawo gobe ka ji sabon farashi. Duk da haka akushin gidan Kalilu bai taɓa fashi ba. Shi ake fara cikawa, a gyara masa tudu, a malala miyar kuka. Abin da ya rage a gindin tukunya, da ƙanzo da kwaɗon tafasa, shi ne na Saude da yaranta uku.

Hajjo mai koko ce ta nuna mata hanyar. Ta shigo gidan ranar da aka fara ba Ikilima gyaɗar, ta ɗauki leda ɗaya tana jujjuya ta.

"Ke Saude, wagga aba kuɗi ce. Maza na son ta, sun ce ƙarfi taka sawa. Ki ba ni rabi in ba ki hatsi, ɗiyar ta ci rabi. Cikinta nawa ne duka-duka?"

Makon farko rabi ne. Da gero ya sake tashi sai rabin ya daina kawo abin da zai cika akushi, ta ƙara. A makon da ya wuce duka ta kai, ta riƙa ba yarinyar ruwan kunu. Saude ba mahaukaciya ba ce, ta san abin da take yi, kuma ta tsani kanta a kai. Gida mai uba da uwa, amma yarinyar da ko tsayuwa ba ta iya yi ita ke ci da shi.

* * *

Malama Firdausi, ma'aikaciyar da ke awon yara, ta zazzage fankunan a kan tebur. Ɗaya da shatin tayar babur a jikinta, wata da yashi a ciki. Ta dube su, ta dubi Saude, ba ta yi faɗa ba. Ta gaji da yin faɗa a kan wannan.

"Kwanto ta in gani."

Ta naɗa tef ɗin awo a damtsen yarinyar, ya zarce can cikin ja. Ta danna bayan ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Sai ta yage sabuwar leda, ta lakato gyaɗar ta kai mata baki. Ikilima ta kau da kai a hankali, ko leɓe ba ta motsa ba.

"Maman Ikilima, kin gani? Ta wuce gyaɗa. Babban asibitin garin Isa za ki kai ta, a kwantar da ita a sa mata madara ta hanci. Magani kyauta ne, ke dai ki kai ta."

"Malama, in Allah ya kai mu jibi..."

"Ba jibi ba. Da ina da mota da yanzu na sa ki ciki. Na roƙe ki da girman Allah, kada rana ta sake faɗuwa sau biyu yarinyar ga tana gida."

Saude ta mai da goyonta ta fito. Ba ta da ko sisi a ƙulle, ba ta gaya wa mijinta ba, kuma in la'asar ta yi babu ɗan kabu-kabun da zai yarda ya hau hanyar Isa saboda 'yan bindiga, ko nawa za a ba shi. Ta kama hanyar gida a ƙasa tana lissafi ɗaya: akwai tiya guda ta gero a ƙwarya, ta ƙarshe. In ta sayar wa Hajjo, kuɗin zai kai su Isa da sassafe.

* * *

Ta taras da Kalilu a tsakar gida yana ɗaure ƙotar fartanya. Ta durƙusa ta gaya masa komi, har da Hajjo, har da bayan tasha. Ta zaci zai daka mata tsawa. Bai yi ba, kai kawai ya sunkuyar, ta kuwa gane ashe ya daɗe da sani. Wane namiji ne zai ga tuwo kullum a gidan da bai kawo hatsi ba, ya ce bai san komi ba?

"Malam, za ni kai ma Hajjo geron ga. Gobe da asuba mu kama hanya."

"In kin kai, mi za a fitar yau?"

"Kada a fitar! Yau ɗaya dai, Malam. Ka ce ba ka da lafiya."

"Haka Illo ya ce." Ya ajiye fartanyar. "Saude, yau Alhaji ka zaɓen 'yan lodi, mota biyu za a cika gobe. In ban zauna ba, wani za a ɗauka. To ki ce mun tai Isa da kuɗin zuwa kaɗai. Mi za ki ci can? Su waɗanga biyun mi za mu bar musu? Da mi za mu dawo?"

"Malama ta ce kada a kwana biyu."

"Kwana ɗaya nika roƙo. Gobe in yi aikin, a biya ni da la'asar, jibi da asuba ni da kaina za ni kai ku. Wallahi ɗiyata ce ni ma."

Saude ta dubi wuyansa da ya zama kamar na zakara, ta tuna yara sun ce in an buɗe akushin gidansu loma biyu yake yi ya janye hannu, wai ya ƙoshi. Da mugu ne da abin ya zo mata da sauƙi, da ta ɗauki ƙwaryar ta fice ko zai sake ta. Amma maganarsa akwai gaskiya a ciki, ita ma ta Malama akwai gaskiya, geron kuma tiya ɗaya ne.

Ta daɗe tsaye da ƙwaryar a hannu. Sannan ta juye ta cikin turmi.

Tana surfe tana kallon Ikilima, wadda ke kwance a tabarma a bakin ɗaki, ido buɗe, ƙuda na yawo a gefen bakinta ba ta kore shi ba. Da ma kuka take yi, da Saude ta ji sanyi. Ta tuƙa tuwon, ta cika akushi, ta gyara masa tudu yadda ta saba. Kalilu ya ɗauka bai dube ta ba. Daga bayan danga tana jin muryoyin mazan, ana ta zancen tsadar taki, har wani ya ce kai, tuwon gidan Kalilu dai ba ya canzawa.

* * *

An ɗauke shi aikin. Ya fita tun duhun asuba.

Wajen azahar Saude ta ɗora Ikilima a cinya tana ɗiga mata ruwan kunu da cokali. Na farko ya wuce. Na biyu ya tsaya a bakin, ya gangaro ta gefen kumatu ya shiga kunne. Ta goge, ta sake ɗigawa, ta kira sunanta, ta girgiza ta. Ba ta san ta yi ihu ba sai da ta ga matan maƙwabta sun cika gidan, wata tana ɓamɓare yarinyar daga hannunta.

Kalilu ya dawo bayan la'asar, farin ƙurar buhu har gira, da ƙullin gero a kafaɗa da kuɗin aikinsa a aljihu. Tun daga nesa ya hango maza zaune a ƙofar gidansa, ga liman tsaye riƙe da ɗan abu naɗe cikin farin ƙyalle, shi suke jira. Ƙullin ya zame daga kafaɗarsa ya fashe a ƙasa. Kaji suka taru a kai, ba wanda ya kore su.

Gidan da aka yi rasuwa ba a hura wuta, maƙwabta ke kawo abinci. Kafin magariba tsakar gidan Saude ya cika da kwanuka da langa-langa, tuwon dawa, dambu, fura, har da shinkafa daga gidan Alhaji. Rabon gidan da ganin abinci haka tun sunan ita marigayiyar. Mata na shigowa suna yi mata gaisuwa, kowace da tambaya ɗaya.

"Haba Saude, mi ya sa ba ki faɗa ba? Ai da an san abin yi."

Saude na zaune a bakin ɗaki, zanen goyon a cinyarta, sai ga Halimat matar mai gyaran keke ta shigo da babban kwano a ka, cike da tuwon gero mai tudu. Saude ta san gidan, ta san mijin ya fi wata bai ga aikin kirki ba. Ta kuma san goyon da ke bayan Halimat, don layi ɗaya suke bi ranar awo. Kan yaron ya langaɓe gefe, gashinsa ya yi ja ya kwanta, hannunsa na lilo kamar tsinke.

Halimat ta durƙusa za ta sauke kwanon, Saude ta riƙe mata wuyan hannu.

"Ina kika samu hatsi?"

Halimat ta kau da ido.

"Don Allah, don Annabi, ki mai da shi," in ji Saude, murya ƙasa-ƙasa. "Ki je ki amso gyaɗar ɗanki. Mu nan ya ishe mu, ki duba."

"Haba, Yaya Saude." Halimat ta waiga ta dubi matan da ke zazzaune, ta zare hannunta a hankali. "A ce gidanmu kaɗai ne bai kawo ba?"

Ta ajiye kwanon a jerin sauran, ta gyara masa murfi, ta yi addu'a ta miƙe. Saude ta bi ta da kallo har zaure. A bakin ƙofa Halimat ta tsaya, ta kai hannu baya ta tallafo kan yaron, sannan ta fita.